Shekarun da na yi a garin tangaram na ƙasar Sin

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan labari, amma duk lokacin da na fara sai zuciyata ta yi nauyi in ajiye. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne yawan samarin da ke turo min saƙo suna tambayar yadda zaman ƙasar Sin yake ga mai sana'ar zane ko ginin tukwane. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, don haka ga ta nan yadda ta faru da ni.

An haife ni a cikin birnin Zariya. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, malamin allo ne, kuma shi ake kawo wa allon zayyana idan yaro zai yi saukar Alƙur'ani. Tun ban isa shiga makaranta ba nake zama gefensa a zaure, ina kallon yadda yake haɗa tawada da ƙaro, ya fiƙe alƙalamin kara, ya ja layi a miƙe ba tare da abin awo ba. Ba mai yawan magana ba ne. Idan na yi zane ya yi kyau sai ya ɗaga allon ya duba, ya ce "to". Idan bai yi ba sai ya turo min butar ruwa in wanke in sake.

Da na shiga Jami'ar Ahmadu Bello na zaɓi ɓangaren da ake koyar da ginin tukwane na zamani, dangi sun yi ta magana. Wai yaron da aka sha wahalar karatunsa zai ƙare a cuɗa laka. A lokacin abin da ke ƙarfafa min gwiwa shi ne tarihin Ladi Kwali, matar nan 'yar ƙabilar Gwari da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, wadda har hotonta ya hau takardar naira ashirin. Malam, wato mahaifina, bai taɓa hana ni ba. Bayan hidimar ƙasa kuwa sai maganar dangi ta fara kama da gaskiya, domin ba aiki. Rubutun allon shaguna da zanen bangon makarantu da hotunan 'yan takara a lokacin zaɓen 2015, da su na riƙa samun na sabulu. Cikin wannan hali wani malamina ya nuna min hanyar neman tallafin karatu a ƙasar Sin, na cike takardu, Allah ya sa aka ɗauke ni a 2016.

Daren da zan tafi Malam ya kira ni zaure. Ya ce, "Ka riƙe sallarka, kada ka ci haƙƙin kowa. Duk inda ka tarar da mai sana'a ya girme ka, ka zauna ƙasa ka saurara, ko da ba addininku ɗaya ba." Inna kuwa ba ta ce komai ba, ta dai cusa min ƙullin yaji da kuka da daddawa a jaka, ta juya ta shige ɗaki.

Shekarar farko ta tafi ne a koyon Sinanci. A 2017 na isa Jingdezhen, a lardin Jiangxi, garin da ake kira hedikwatar tangaram ta duniya. Sunan garin ya samo asali ne daga zamanin wani sarkin daular Song a shekarar 1004, kuma tun 1369 sarakunan daular Ming suka kafa matoyar fada a can. Farar ƙasar da ake yin tangaram da ita, wadda duniya ke kira kawolin, ta samo wannan suna ne daga wani ƙauye da ke kusa da garin, Gaoling. Duk inda ka juya laka ce. Za ka ga mutum ya jera ɗanyun kwanoni a kan dogon katako ya saɓa a kafaɗa yana ratsa motoci, ko ana tura amalanke ɗauke da tulun da ya fi mutum tsawo. Har turakun fitilun titi an lulluɓe su da tangaram mai zanen shuɗi.

Na je da taƙamar cewa na iya gini. Ranar da na fara ɗora lakarsu a kan injin juyi na gane ba irin yumɓun da na sani a gida ba ce. Yumɓunmu yana da jiki, yana tsayawa inda ka tsayar da shi. Tasu kuwa kamar kana ƙoƙarin gina tulu da ƙullin ƙosai: da ka ja ta sama sai ta sulale ta zauna. Waɗanda na samu na gina, wasu suka tsage wajen bushewa, wasu suka karkace a wuta. Ana gasa tangaram ne da zafin da ya kai wajen digiri 1300, kuma kaya yana motsewa ya rage fiye da kashi goma cikin ɗari na girmansa, don haka duk wani ɗan kuskure da ke ɓoye a jikin laka wuta sai ta tona shi. Na yi watanni ina kwashe fasassu daga matoya, kuɗin da ake ba ni na abinci yana ƙarewa a sayen laka da hayar gurbin gashi.

A nan ne na haɗu da dattijon da ya zame min uba a ƙasar. Mai sassaƙar ɗanyen kaya ne, wato shi ake kai wa kwano bayan an gina shi da kauri ya bushe, ya ɗora shi a injin juyi ya riƙa fere shi da dogayen wuƙaƙe har ya yi siriri. Tun yana saurayi yake wannan aiki a ɗaya daga cikin manyan masana'antun gwamnati, har zuwa shekarun 1990 da aka rufe su, dubban ma'aikata suka watse kowa ya kama gabansa. Shagonsa yana wani lungu a tsohuwar masana'antar sassaƙa da aka kafa a 1956, wadda yanzu ta zama unguwar masu sana'a. Na kira shi Shifu, kamar yadda kowane almajiri ke kiran mai koya masa sana'a a can.

Ranar farko ya karɓi kwanona ya juya shi, ya ɗan ƙwanƙwasa gefensa da yatsa ya kara a kunne. Da ƙarar yake gane kaurin bango, ba ya buƙatar awo. Ya tambaye ni wa ya gina, na ce ni. Wa zai sassaƙa, na ce ni. Wa zai yi zane, wa zai fesa ruwan ƙyalli, wa zai gasa, duk na ce ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Shekarunka nawa za ka yi a duniya?" Ya bayyana min cewa a garinsu mutum ɗaya ba ya yin kwano. Wani littafin sana'o'i da aka buga tun 1637 ya ce kofi guda yana ratsa matakai 72 kafin ya kammala, kuma har yau haka tsarin yake. Mai gini gini kawai yake yi, mai sassaƙa sassaƙa, akwai wanda duk rayuwarsa layin bakin kwano kawai yake ja.

Maganar ta yi min ɗaci. A jami'a an tarbiyyantar da mu cewa mai fasaha shi ne wanda aikin ya fito daga hannunsa tun farko har ƙarshe, kuma shi ke sa hannu a gindin tukunya. Na riƙa jin cewa idan wani ya gina min wani ya gasa min, to me ya rage nawa? Na kwana da wannan tunani dare da dama. Abin da ya warware min shi ne tuna zauren Malam: shi ma ba shi ke sassaƙa allon ba, masassaƙi ke kawowa, ƙaro daga daji ake samo shi, fatar da ake naɗe kan allo dukawa ke yi. Nasa shi ne layin da yake ja. Na koma wajen Shifu na ce na yarda. Ya kai ni wajen mai gini, ya kai ni wajen wata mata mai fesa ruwan ƙyalli, ya gabatar da ni ga mai matoyar gas da ke ƙarshen lungun, ya ce musu wannan ɗalibinsa ne, kada a tsawwala masa farashi.

Daga nan na mai da hankali ga zanen shuɗi a kan farin tangaram, wanda garin ya yi suna da shi tun zamanin daular Yuan. A littattafan makaranta na karanta cewa a farkon zamanin daga Farisa ake kawo ma'adinin shuɗin, na kuma ga hotunan farantai da aka yi a zamanin sarki Zhengde, tsakanin 1506 da 1521, ɗauke da rubutun Larabci. Wannan ya sa na ji ba ni ne Musulmin farko da ƙafarsa ta taɓa wannan sana'a ba. Aikin kansa yana da wuya. Launin kafin a gasa shi toka-toka ne, baƙi-baƙi, ba za ka ga shuɗin ba sai an buɗe matoya. Ana dama shi da ruwan shayi, kuma busasshiyar laka tana tsotse shi nan take, idan hannunka ya yi rawa shi ke nan ya zauna. Akwai wani buroshi mai ƙiba da suke cika shi da ruwan launi, ba ya taɓa jikin kwanon sosai, ɗigon da ke bakinsa kawai ake ja a hankali ya bar inuwa mai haske ko mai duhu. Na yi ta zubar da launi kafin hannuna ya faɗa. Da ya faɗa kuwa, ban zana dodon Sinawa ko furanninsu ba. Dagi na zana, da aska takwas ta wuyan babbar riga, da tsarin zanen bangon gidajen Zariya.

Zaman yau da kullum yana da nasa nauyin. Kallo ne abu na farko. A kasuwa, a mota, a layin sayen abinci, ido yana kanka. Wasu su ɗauke ka hoto ba tare da sun tambaya ba, yara su nuna ka da yatsa, akwai tsohuwar da ta taɓa kama hannuna ta murza ta duba yatsanta. Mafi yawansu rashin sani ne, ba ƙiyayya ba, na yarda da haka. Amma wanda bai taɓa zama abin kallo kullum ba, ba zai san yadda yake gajiyar da rai ba. Akwai ranakun da nake fasa fita sayen burodi don kawai ba ni da ƙarfin ɗaukar idanu. Ga sanyin hunturu mai laima da ke shiga ƙashi, gidajen kudancin ƙasar ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na arewacinta, kuma aikin laka da ruwa ake yi. Yatsuna sun sha tsagewa har jini.

Abinci kuwa, naman alade yana cikin kusan komai, har man girki. Allah ya taimake ni da wani shagon taliyar hannu na Musulmi 'yan ƙabilar Hui da suka zo daga lardin Qinghai. Da na yi sallama mai shagon ya amsa da cikakkiyar amsa, sai da hawaye suka cika min ido. Shi ya nuna min masallacin garin da muke zuwa Juma'a. Wajen cin abincin kasuwanci kuma, al'adarsu ce a ɗaga kofin giya a gaisa, ƙin sha yana iya zama raini. Shifu ne ya riƙa shiga gabana yana cewa addininsa ya hana, ku bar shi ya ɗaga shayi. Da azumi ya zo cikin zafi suka ga ko ruwa ba na sha, matar Shifu ta tsorata ta ce zan faɗi. Da ta ga na kai ƙarshen wata lafiya, sai ta fara ajiye min kankana a firij kafin faɗuwar rana.

Na fara kai kayana kasuwar matasan masu fasaha da ake ci ranar Asabar, daga baya kuma kasuwar dare ta Taoxichuan, tsohuwar masana'anta ce da aka gyara aka buɗe a 2016. Mutane suna tsayawa su tambayi ma'anar dagi, wasu su saya. Ban daɗe ba sai na ga zanena a kan kofuna a wani tebur, an buga shi da takardar liƙawa, ana sayarwa a kan farashin da ko kuɗin gashi ba zai biya min ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Na kai ƙara wajen Shifu, shi kuma ya ce a garin nan da kwaikwayo kowa ya koyi sana'a, kuma ba a kwaikwayon abin banza. Har yau ban yarda da shi a wannan ba. Koyo daban, cin gumin wani daban. Amma ba ni da ƙarfin shari'a a ƙasar mutane, sai na koma yin manyan ayyuka masu wuyar kwaikwaya.

Sai 2020 ta zo. Ranar 23 ga Janairu aka rufe birnin Wuhan, kuma lardinmu yana maƙwabtaka da lardin Hubei inda birnin yake. Lokacin bikin sabuwar shekararsu ne, dama garin ya yi tsit saboda kowa ya tafi ƙauyensu, sai tsit ɗin ya ƙi ƙarewa. Aka rufe kasuwanni da matoyu da masallaci, aka sa shinge a bakin kowace unguwa ana auna zafin jiki. Inna ta riƙa cewa a gaya wa yaron nan ya dawo gida. Na yi ta lissafi: karatuna saura 'yan watanni, kuɗin jirgi ya yi tsada, na ce bari in ɗan jira abin ya lafa. Kafin ƙarshen Maris Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen ƙasashen waje, ƙasar Sin ma ta hana baƙi shigowa daga ranar 28 ga wata. Hanya ta toshe gaba da baya.

A watan Afrilu, da cutar ta fara lafawa a cikin gida, tsoro ya koma kan baƙi. Kowa ya ga hotunan da suka fito daga Guangzhou, inda aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal suka kwana a titi, har shugaban majalisar wakilan Najeriya ya gayyaci jakadan ƙasar Sin don jin ba'asi. Mu da ke ƙananan garuruwa abin bai kai haka ba, amma iskarsa ta iso mu. Idan na shiga motar haya sai kujerun da ke kusa da ni su zama babu kowa. Wani kanti da na saba sayayya suka tsayar da ni a ƙofa. Sannan mai gidan da nake haya ya turo min saƙo cewa maƙwabta suna ƙorafi, in nemi wani wuri kafin ƙarshen mako. Ni da ban taka wajen garin ba tun kafin cutar ta ɓulla. Na zauna a bakin gado na rasa wanda zan kira, don ba na so hankalin mutanen gida ya tashi.

Shifu na kira. Bai yi dogon bayani ba, ya ce in haɗa kayana. Ya zo da babur mai ƙafa uku da suke ɗaukar laka da shi, muka loda akwatuna da buhunan zanena. Akwai ɗan ɗaki a saman shagonsa inda suke ajiye kwali, matarsa ta share ta shimfiɗa katifa. Washegari shi da kansa ya raka ni ofishin 'yan sanda aka canza min rajistar wurin zama, domin doka ce duk baƙon da ya sauya masauki ya sanar. Na ji da kunnena wani maƙwabcinsa yana yi masa faɗa a kan ya kawo baƙo lungun. Shifu ya ce masa, "Ɗalibina ne. In akwai cuta a jikinsa, ni zan fara ɗauka." Matarsa kuma ta je ta sayo sabon kasko da sabuwar wuƙa da katakon yanka, ta ɗaura musu jan zare, ta ce waɗannan na girkina ne kaɗai, alade ba zai taɓa su ba. Ban taɓa roƙonta hakan ba. Ta lura ne kawai.

Ina wannan ɗaki, cikin watan azumi, Yayana ya kira ni. Tsakaninmu da gida awa bakwai ne, su suna gama sallar Asuba, mu rana ta take. Da na ji muryarsa na san ba lafiya ba. Ya ce, "Sai haƙuri. Allah ya yi wa Malam rasuwa." Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, sun ɓoye min don kada in damu. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na maimaita, bayan wannan ban san me na ce ba. Kafin la'asar ɗinmu ta wuce an riga an kai shi makwancinsa. Jihar Kaduna ma tana cikin dokar kulle, mutane kaɗan ne suka samu raka shi, mutumin da ya yi wa ɗaruruwan yara zayyana.

Ban wanke mahaifina ba, ban sallace shi ba, ban ɗauki makararsa ba, ban zauna zaman makoki an zo an yi min gaisuwa ba. Wanda bai rasa iyaye yana nesa ba, ina roƙon Allah kada ya ɗanɗana masa. Mutuwar ba ta zama gaskiya a zuciyarka, domin ba ka ga komai ba, sai murya a waya. Na yi kwanaki ba na saukowa daga ɗakin sai don alwala. Idan na sha ruwa da magariba abinci ba ya wucewa. Da na samu Inna a waya, ita ce ma take ba ni haƙuri, ta ce, "Ya tafi yana sa maka albarka. Ka yi masa addu'a, ita ce za ta same shi."

A rana ta uku Shifu ya hau bene, abin da gwiwoyinsa ba sa so. Ya miƙo min farar ambulan da kuɗi a ciki, haka suke yi wa wanda aka yi wa rasuwa, kuma na ga sunayen mai gini da mai fesa ƙyalli da mai matoya a bayanta, kowa ya sa nasa. Ya ce yana so ya sayo takardun da suke ƙona wa mamatansu ya ƙona wa mahaifina, don kada ya rasa guzuri a can. Na gode masa, na bayyana masa cewa mu addu'a muke yi da sadaka, a ciyar da mabuƙata ladan ya je wa mamaci. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce to a yi hakan. Da kuɗin ambulan ɗin muka je wajen mai shagon taliya, ya dafa abinci mai yawa, muka raba wa masu sharar titi da masu turin amalanken laka da suka daɗe ba aiki. Mai shagon da 'ya'yansa maza suka zauna da ni a bayan shago, muka karanta Ƙulhuwallahu muka yi wa Malam addu'a. Shifu yana tsaye daga ƙofa ya cire hularsa har muka shafa. Wannan ita ce ta'aziyyar da na samu.

Bayan sallah Shifu ya ajiye min faifan ɗanyar laka a kan tebur, bai ce komai ba ya koma aikinsa. Garin ya shahara da yin faffaɗan allunan tangaram, sai na roƙi masu yin su su yanka min a siffar allonmu, da kai da kafaɗu. Na zana zayyanar Malam daga abin da na haddace tun yarinta. Na yanke shawarar ba zan rubuta aya ko ɗaya a kai ba, domin tangaram abin fashewa ne, yana iya faɗuwa a taka shi, kuma ban san hannun da zai ƙare ba. Tsarin zanen kawai na ɗauka, na bar tsakiyar fari. Faffaɗan abu yana saurin tsagewa a wuta, da yawa sun lalace, amma mai matoya ya riƙa ba su gurbi mafi kyau yana ɗaga wutar a hankali. Waɗanda suka tsira su ne aka nuna a wani ƙaramin ɗakin baje kolin zane a Shanghai a shekarar da ta biyo baya, kuma da kuɗinsu na biya bashin da ke kaina na fara aika wa Inna wani abu. A takardar bayanin kowane allo na sa an rubuta aikin kowa: wanda ya mulmula, wanda ya sassaƙa, wadda ta fesa, wanda ya gasa. Mai ɗakin ya ce ba a saba yin haka ba, na ce in ba haka ba a mayar min da kayana.

Ga masu niyyar zuwa, ku koyi harshen kafin komai, domin duk alherin da na samu ta bakin Sinanci ya zo, wanda ba ya ji kuwa a hannun dillalai yake ƙarewa. Ku kula da takardunku. Bizar karatu ba ta ba ka damar yin aiki ko kasuwanci yadda ka ga dama, kuma wuce wa'adi ko da kaɗan ne yana jawo tara ko tsarewa. Ni sai da wani kamfanin tangaram ya ɗauke ni a matsayin mai tsara zane bayan na gama karatu, sannan na samu izinin zama na aiki. Ku kuma bar wa iyayenku hanyar da za su same ku kai tsaye, domin WhatsApp da Facebook ba sa aiki a can sai da dabara, WeChat ce hanya. Ku roƙi 'yan'uwa kada su ɓoye muku rashin lafiyar iyaye. Da na san Malam yana kwance, ko muryarsa da na nema na ji.

Sai a 2023, bayan ƙasar Sin ta janye dokar killace masu shigowa a watan Janairu, na samu na dawo gida. Daga tasha maƙabarta na wuce, Yaya ya nuna min wurin. Inna ta tsufa fiye da yadda waya ke nunawa. Da na ga haka na san ba zan sake yin nisa na dogon lokaci ba.

Yanzu ina da ɗan wurin aiki a bayan gari, da matoyar gas da na gina da hannuna. Abin ba sauƙi. Farashin gas ya haura, faɗuwar darajar naira ta sa launin da nake sayowa daga waje ya yi tsada, wutar lantarki kuwa kun san halinta. Muna da farar ƙasa mai kyau a Ƙanƙara ta jihar Katsina, amma rashin tsaro a yankin ya sa samo ta sai da wahala, kuma ba mu da masu tace ta yadda ya kamata, ni nake jiƙawa in tace da kaina. Har yanzu ban kai ga farin tangaram irin na can ba, kofuna da kwanonin da nake yi masu ɗan kauri ne. Yara matasa suna zuwa koyo, na raba musu aiki: ɗaya yana kan injin juyi, ɗaya yana sassaƙa, wata yarinya da hannunta ya fi nawa natsuwa tana kan zane.

Shifu ba shi da lafiya. Ƙurar busasshiyar laka da ya shaƙa shekara da shekaru ta taɓa masa huhu, ya daina aiki, ɗansa ne ke riƙe da shagon. Muna gaisawa ta WeChat, ina tura masa hoton abin da muka gasa, shi kuma ya turo murya yana tari yana cewa gindin kofin ya yi kauri, a ƙara ferewa. Saboda shi na hana kowa sassaƙa a wurina ba tare da ya rufe hanci da baki ba. Ina tara kuɗin jirgi in je in duba shi bayan damina in Allah ya yarda, Inna ta riga ta ba ni izini, ta ce in kai wa matarsa turmin atamfa. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa mahaifina a addu'a, ya kuma roƙa wa wannan dattijo sauƙi.